Kamfanin da ya ɗora mana harkar shago da sito a kwamfuta: abin da na gani bayan shekara biyu

Assalamu alaikum jama'a. Tun bayan sallah mutane ke tare ni a kasuwa, wasu a waya, wai yaya muka ƙare da yaran nan da suka zo suka sa mana kwamfuta a shago da sito, kuɗin da muka kashe ya dawo ko dai ado ne kawai. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta komai sau ɗaya, mai buƙata ya karanta. Sunan kamfanin ba zan faɗa ba, domin akwai inda zan yabe su akwai kuma inda zan faɗi laifinsu ƙarara, bana so ace talla nake ko ɓatanci. Ƙaramin kamfani ne na matasa anan cikin Gombe, ba su fi su biyar ba, babbansu muna ce masa Injiniya.

Mu harkarmu sarin kayan masarufi ne, shinkafa, sukari, fulawa, taliya, man girki, madara, sabulu, dunƙulen miya da sauransu. Babban shago yana cikin babbar kasuwa, sito yana ta wajen Tudun Hatsi, sai reshe ɗaya a Kumo ɗaya a Bajoga. Baba ne ya kafa harkar tun kafin a cire Gombe daga jihar Bauchi a 1996, ni kuma da na gama karatu ya miƙa min littattafan lissafi yace in riƙe. Kuma littattafai ne na gaske, manya masu baƙin bango, na ciniki daban na bashi daban na sito daban, ko wane reshe da nasa, ƙarshen wata a kwaso su a mota a kawo min in zauna in ta bi layi layi har dare.

A haka muke tafiya lafiya lau har shekarar 2023 ta zo ta tona mana asiri. Duk kun tuna lokacin da Babban Bankin Najeriya ya canza fasalin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu ɗaya, tun Oktoban 2022 aka sanar amma wahalar a Janairu da Fabrairu ta sauka, tsabar kuɗi ta ɓace, kowa sai turansfa. Mu kuma asusu uku muke da shi, in netwok ya ƙi sai yaron shago yace wa kwastoma tura a nawa kawai zan mayar, toh wani ya mayar wani ya manta, wani kwastoman ya nuna alat a waya a loda masa kaya sai dare a duba a ga ba abin da ya shigo. Ba mu gama farfaɗowa daga wannan ba aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, a watan Yuni kuma aka saki naira, farashi ya koma canzawa kaman yanayin damina, yau ka sayar da buhu gobe kuɗin ba zai sayo maka irinsa ba. Abin da ya fi min ciwo shine wani sati da muka ƙara kuɗin sukari anan Gombe, na kira Kumo na faɗa, na ɗauka na kira Bajoga ashe ban kira ba, kwana huɗu suna sayarwa a tsohon farashi, ƴan kasuwan can kuwa da suka gano sai suka yi ta kwasa, kuma ba laifinsu bane. Ranar ne nace wa Baba wallahi littafi ya gaza, ba wai lissafin ne ba mu iya ba, labari ne baya isa inda ya kamata a kan lokaci.

Kafin yaran nan, wani kamfani daga wata jiha ya fara zuwa. Sun zo da takarda mai sheƙi, za su yi mana shafin intanet, manhajar waya da sunanmu, kyamarori goma sha wani abu, babbar kwamfuta ta ajiya a ofis, komai a dunƙule farashi ɗaya. Ko sito ba su leƙa ba. Na tambaye su wanne daga ciki ne zai hana abin da ya faru a Bajoga ya sake faruwa, sai mutumin ya koma yi min bayanin yadda shafin zai yi kyau. Nan na san ba tafiyarmu ɗaya ba.

Injiniya shi da ya zo abin da ya fara cewa shine ba zai faɗi farashin komai ba sai ya yi sati biyu yana zama damu, kuma zaman ma sai mun biya. Baba ya dube shi yace yanzu ɗan nan in biya ka don ka zauna ka kalle ni ina ciniki? Yace eh Alhaji, likita ma sai ya duba kafin ya rubuta magani, in na sayar maka da kwamfuta yau ban san inda kuɗinka yake zurarewa ba na cuce ka. Gaskiya wannan maganar ce ta sa Baba ya yarda, ni kuma yanzu in aka tambaye ni a duk kuɗin da muka ba su wanne ya fi amfani, na wannan sati biyun zan nuna, tun kafin a kunna ko na'ura ɗaya.

Sun zauna a sito tun bakwai na safe suna kallon yadda ake sauke tirela, sun bi motar kai kaya har Kumo, sun zauna kusa da kashiya, sun tambayi ƴan dako, sun ɗauki littafin bashi sun kwana biyu a kansa. Da suka gama ba littafi suka kawo mana ba, takarda ɗaya ce tal gaba da baya. A sama sun rubuta ramuka uku da kuɗinmu ke faɗawa, na farko farashi baya tafiya tare a shaguna, na biyu bashi ba wanda ya san jimillarsa ko tsawon kwanakinsa, na uku kaya na kwana a sito har wasu su lalace alhali wasu na yankewa. A ƙasa kuma ko wane abu da suke so mu saya an rubuta kuɗinsa, an rubuta wane rami zai toshe, wane lissafi za mu duba mu san ya yi aiki, waye a cikinmu zai ɗauki nauyinsa, da ranar da za a zauna a duba. Injiniya yace wannan takardar ita ce abin da manyan kamfanoni ke kira dabarar fasahar sadarwa ta kamfani, su nasu ya fi yawa ne kawai don harkarsu ta fi girma, amma tambayar ɗaya ce, ko wace naira da aka zuba a kwamfuta a nuna ta inda za ta dawo. Yace duk shugaban sashen kwamfuta da ya san aikinsa, ko a banki yake ko a kamfanin siminti irin na Ashaka, in ya shiga gaban masu kamfani ba maganar girman na'ura yake ba, maganar kwana nawa kaya ke yi kafin ya zama kuɗi yake.

Ni da kaina na roƙe su shafin intanet, don ina ganin abin burgewa ne, suka ƙi. Yace Yaya, kwastomominka masu shaguna ne a Dukku da Billiri da Deba da Kaltungo, waya suke kira ko su turo saƙon murya a WhatsApp, ba mai shiga shafi ya yi odar buhu hamsin, ajiye kuɗinka. Mutumin da zai samu kuɗi in ya yi maka abu amma yace kar ka yi, wannan na riƙe shi a raina.

Manhajar da suka zaɓa mana Odoo ce. Ga wanda bai sani ba, irin manhajar nan ce da ake kira ERP, wato guda ɗaya ta haɗa saye da sayarwa da sito da bashi da lissafi, in kashiya ya sayar da kwali goma a Kumo nan take sito ya ragu da goma kuma bashin mai saye ya hau, ba sai an sake rubutawa a wani littafi ba. Manyan kamfanoni da yawa SAP ta Jamus suke amfani da ita, wadda mu ko kusa ba za mu iya kuɗinta ba. Ita Odoo daga Beljiyam take, a 2005 aka fara ta da sunan TinyERP kafin ta koma wannan sunan a 2014, kuma tana da nau'i na kyauta da na kuɗi. Na kyautan suka ɗora mana, abin da muke biya shine aikin saitawa, da kuɗin hayar wurin ajiya a intanet duk wata, da kuɗin kulawa.

Wani abu da ya burge ni shine jerin yadda suka bi aikin. Ba kwamfuta suka fara sawa ba, sola suka fara sawa, faranti da batir da inbata daidai abin da zai riƙe kwamfuta da firinta da na'urar intanet a ko wane shago, yace manhajar da take mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta yara za su daina yarda da ita cikin sati ɗaya su koma littafi. Daga nan sai farashi kawai, wata guda ba abin da ake a kwamfutar sai duba farashi da buga rasit. Ni kaɗai nake iya canzawa, in na canza a wayata duk shaguna uku da sito sun gani a lokaci ɗaya. Ramin farko kenan ya toshe, kuma tun daga ranar abin Bajoga bai sake faruwa ba.

Inda aka sha wuya shine shigar da bayanai, kuma duk mai niyyar yin irin wannan ya shirya ma wannan wajen don ba wanda zai faɗa maka tun farko. Kaya ɗaya a littafinmu yana da suna huɗu, yaron Kumo yana rubuta shi da sunan kamfani, na Bajoga da kalar kwalin, na sito da girmansa. Kwastoma ɗaya sai ka same shi sau uku, a wani shafi da sunansa, a wani da laƙabinsa, a wani da sunan garinsu kawai, kuma ko wanne da bashinsa daban. Kusan sati shida muka yi muna tsefe wannan, da yamma bayan an rufe, ni da Baba da yaran, Baba yana cewa ai wannan da wancan mutum ɗaya ne, wannan kuma ƙaninsa ne kar ku haɗa su. Sai da muka rufe sito kwana guda cur muka ƙirga komai da hannu, buhu buhu kwali kwali. A wannan ƙirgar ne muka ciro katan katan na madara daga can ƙuryar baya da kwanan watansu ya wuce, an yi ta jibga sabon kaya a gabansu ba wanda ya tuna. Baba bai ce komai ba, ya dai tsaya yana kallonsu, ni na san lissafin da yake a zuci.

Bashi kuwa shine inda na ga amfanin abin da idona. Da, in ka tambaye ni nawa muke bin mutane sai in ce maka da yawa. Yanzu ina buɗe waya in ga wanda bashinsa bai kai kwana 30 ba, wanda ya wuce 60, wanda ya haura 90. Ranar farko da jimillar ta fito a allo sai da na sake dubawa, don ta kusa kai kuɗin kayan da ke cikin sito gaba ɗaya, ma'ana muna da wani siton a hannun mutane ba mu sani ba. Aka sa wa kowa iyaka, in ya kai iyakarsa manhajar ba za ta buga rasit na bashi ba sai ni ko Baba mun amince. Anan aka ɗan yi ja-in-ja, domin yaran so suke a rufe kowa daidai wa daida, Baba yace a'a, akwai bashin kasuwa akwai bashin zumunci, akwai mutumin da ya riƙe ni lokacin da gobara ta ci min kaya ba ni da ko sisi, kwamfuta ba za ta hana shi buhu ba ina raye. Kuma na ba su maki anan, ba su yi gardama ba, suka buɗe wani rukuni daban na mutanen Baba, ana ganin lissafinsu amma ba a tare su. Sauran kuma ana tura musu tunatarwa cikin ladabi da Hausa, kuma abin mamaki da yawa ba ƙin biya suke ba, su ma ba su san adadin ba ne, wasu har godiya suka yi. Cikin ƴan watanni kuɗin da ya dawo daga tsohon bashi ya fi duk abin da muka kashe a sola da kwamfutoci da aikin saitawa. Wannan a littafinmu yake ba ji na yi ba.

Sai wani abu da ban taɓa zato ba. Mu duk rayuwarmu mun ɗauka shinkafa ce uwar riba tunda ita ke kawo manyan kuɗi. Da aka yi wata uku ana shigar da kuɗin saye da na mota da na dako a kan ko wane kaya, sai ga shi ribar buhun shinkafa siririya ce ƙwarai in ka cire ɗawainiya, ga ta da cin jari, ga shi yawanci bashi ake ɗauka. Ƙananan kaya irin sabulu da dunƙulen miya da ashana da muke rainawa su ne ke juyawa da sauri kuma hannu da hannu ake biya. Ba mu daina shinkafa ba don ita ke jawo kwastoma ƙofa, amma mun rage yawan da muke jibgewa, kuɗin muka karkatar inda yake juyawa. Ko lokacin fitar da zakka bana ba a yi kirdado ba, darajar kayan da ke ƙasa da bashin da ake sa ran karɓa duk suna nan a rubuce, Baba ya kai wa malaminsa aka fitar da ɗaya cikin arba'in hankali kwance. Ya faɗa min wannan kaɗai ya ishe shi.

Toh yanzu bari in zo inda suka ɓata min rai, don ba zan ɓoye ba.

Na farko yadda suka yi da Kawu, mai kula da sitonmu, dattijo ne ya fi shekara ashirin tare da Baba, da ajami yake rubutu kuma in yace buhu ɗari da bakwai ne a ciki toh ɗari da bakwai ne. Yaran sun zo horaswa da turanci, manhajar da turanci, suna sauri suna danne-danne, in ya tambaya sai su amsa kaman ya ɓata musu lokaci. Wata rana na ji ɗaya daga cikinsu yana cewa ai sai an kawo matashi a wannan wajen. Kawu ya ji, washegari ya kawo wa Baba makullai. Wallahi ranar raina ya ɓaci sosai, na kira Injiniya nace in tsarinku sai an kori mai amana kafin ya yi aiki ku zo ku kwashe kayanku. Ya zo har gida ya ba Kawu haƙuri, daga baya suka yi masa takarda mai hotuna da bayanin Hausa, aka haɗa shi da wani yaro mai shigarwa, Kawu na ƙirgawa yana sa hannu yaro na dannawa. Yanzu lafiya lau, har shi ke kama kuskuren yaron. Amma bai kamata sai da na yi faɗa ba, wanda ya iya zaman sati biyu yana nazarin kuɗi ya kamata ya yi nazarin mutanen da za su riƙe abin.

Na biyu maganar dala. Wurin ajiyar da suka kama mana a intanet da dala ake biya, kuma ba su fito sun faɗa min haka ƙarara ba, a naira suka rubuta a takarda. Kafin a saki naira dala a hukumance tana wajen 460, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, sai kawai na ga kuɗin wata ya yi tsalle. Da na yi magana suka ce ai ba daga su bane. Na sani ba daga su bane, amma aikin mai ba da shawara ne ya ce maka wannan kuɗin yana bin dala ka shirya. Ga kuɗin data shima ya ƙaru bayan hukumar sadarwa ta ƙasa NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025. Har yanzu abin yana biyan kansa, amma duk wanda zai shiga ya tambaya tun farko, wanne ne biya ɗaya wanne ne na duk wata, kuma wanne ke bin dala.

Na uku shine ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma. Farkon azumi ne, lokacin da sukari da madara ke fita kaman ruwa, layi har waje. Ɓangaren sayarwa na manhajar yana iya ci gaba ba intanet in an riga an buɗe shi, amma fitar da kaya daga sito da duba bashi sai da intanet, ga turansfa ma tana ta wahala. Sai muka tsaya cirko-cirko domin ba wanda ya taɓa faɗa mana me za mu yi in haka ta faru, littattafan ma mun kai su gida. Kawu ne ya cece mu da takardarsa da biro. Bayan nan ne suka zauna suka rubuta tsarin ko-ta-kwana, ko wane shago da littafin rasit na hannu mai lamba, layin waya biyu na kamfani daban daban, da farashin ranar a buge a takarda duk safiya. Na tambayi Starlink, intanet ɗin nan ta tauraron ɗan adam, tunda ta shigo Najeriya tun Janairun 2023, suka lissafa min suka ce a girmanmu ba za ta biya kanta a rassa ba tukuna, na yarda da lissafin. Kuma na san ba ƙananan kamfanoni kaɗai abin ke samu ba, a 19 ga Yulin 2024 sabuntawar wata manhajar tsaron kwamfuta mai suna CrowdStrike ta tsayar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 a duniya har jirage suka kasa tashi. Amma dai shirin ranar da abu zai ƙi ya kamata ya zo tare da abin ne, ba bayan an sha wuya ba.

Na huɗu, kusan komai a kan Injiniya yake. In yana gari kafin awa biyu an gyara, in ya tafi Abuja aiki sai ka kwana uku kana kira yaran na cewa sai oga ya dawo. Haka kuma da farko babbar kalmar sirri tana hannunsu ne kaɗai, sai wani abokina da ke aikin banki ya ankarar da ni yace in kun ɓata gobe ina bayananku? Na matsa aka rubuta a yarjejeniya cewa bayanan namu ne, aka ba ni makullin, kuma duk ƙarshen wata ana sauke min kwafi a Excel ina ajiyewa a wuri biyu. Ba su ƙi ba, amma ni na nema. A gefe guda kuma su ne suka fara faɗa min akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023, cewa lambobin waya da bashin kwastomomi amana ce a doka ma, suka saita yadda kashiya baya ganin abin da ba nasa ba, kuma yaron da ya bar aiki a ranar ake rufe shigarsa.

Akwai kuma na'urar karanta lambar jikin kaya guda uku da suka sa muka saya, suna nan a durowa, don mai sayar da buhu da katan baya buƙatarsu. A zaman dubawa na wata uku-uku da muke yi da takardar nan tasu, Injiniya da bakinsa yace wannan kuskurensa ne, ya ja layi a kai, ya rage kuɗin daga na kulawa. Wannan zaman shima yana cikin abin da nake so a aikinsu, ana ɗauko takardar farko a bi ta ɗaya bayan ɗaya, wannan mun ce zai rage kwanakin bashi, ya rage ko bai rage ba, in bai yi ba a daina biyansa.

Matasan Gombe da yawa sun shiga harkar nan, ina ganin ganin ɗan jiharmu Farfesa Isa Ali Pantami ya riƙe hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa NITDA daga 2016 sannan ya zama ministan sadarwa daga 2019 zuwa 2023 ya ƙara musu ƙaimi, kuma abin farin ciki ne ka samu mai yi maka irin wannan aikin a gida ba sai ka ɗauko daga Legas ba. Amma ba duk mai riƙe da laftof bane zai amfane ka. In ya zo ya fara da jera maka kayan da zai sayar kafin ya tambayi inda ke maka ciwo, ka sallame shi da mutunci.

In maki zan bayar, bakwai cikin goma zan ba su. Tunaninsu da gaskiyarsu a wajen kuɗi sun kai tara, kula da mutane da saurin amsa kira ne suka ja su ƙasa. Mai shago ɗaya da yake zaune a kai da kansa kuma baya ba da bashi sosai, a ganina bai buƙatar wannan duka, littafi mai kyau ko Excel ya ishe shi. Amma in kana da reshe a wani gari, ko sito daban da shago, ko littafin bashinka ya fara kauri har kana tsoron haɗa jimilla, toh ka nemi irinsu, ka biya kuɗin zaman nazarin, ka ware wata biyu na wahalar shigar da bayanai, ka sa maganar dala da kalmar sirri da horaswa da Hausa a rubuce kafin ka ba da ko kwabo.

Satin da ya wuce Injiniya ya zo da sabuwar magana, wai akwai ƙirƙirarriyar basira da za a haɗa da manhajar ta riƙa hasashen buhu nawa na sukari za mu buƙata kafin azumi. Na ɗauko takardarsa ta farko na ajiye a gabansa nace Injiniya wane rami wannan zai toshe, nawa ne duk wata, da naira ko da dala, kuma wane lissafi za mu duba. Yace in ba shi sati biyu ya gwada da cinikinmu na azumin bara da na bana ya ga ko hasashen zai zo kusa da abin da ya faru. Baba yace a haɗa da abin da Kawu zai faɗa da ka, a ajiye biyun gefe da gefe. Ranar Asabar ta sama za mu zauna a sito bayan la'asar mu duba.